Kwas ɗin tiyorin kwamfuta: yadda zangon nan ke tafiya

Litinin, 13 ga Oktoba 2025

Zangon nan ni anka ba kwas ɗin tiyorin kwamfuta na 'yan aji uku, wanda ake koyar da otomata, wato injinan lissafi da ake zanawa bisa takarda, da nahawu da injin Turing, kuma na yi niyyar in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya lokaci-lokaci, ko don abokan aiki da ke koyar da irinshi a Gusau da Sakkwato mu riƙa musayar dabara, don kwas ne da yara ke shigowa da tsoronshi tun kafin su ga fuskar malami. 'Yan aji huɗu sun riga sun hure musu kunne wai babu kodin a ciki, sai da'irori da kibiyoyi da haruffan Girka, kuma wai nan ne ake zubar da mutane.

Maganar babu kodin gaskiya ce, kuma ni ban ga naƙasu a ciki ba, don ko an ɗauke wuta ko furojekta ta ƙi tashi, allo da maka sun ishe mu. Ai shi kanshi fannin bisa takarda anka haife shi. Alan Turing ya rubuta maƙalarshi a 1936 yana Kambirij a Ingila, bai ma kai shekara 25 ba, shekara goma kafin a ƙaddamar da ENIAC, ɗaya daga kwamfutocin lantarki na farko, a Amurka a 1946. An san inda kwamfuta za ta tsaya tun ba a ƙera ta ba.

Ban gama gabatarwa ba wani daga baya ya ɗaga hannu, ya ce Malam mi za mu yi da wanga kwas in mun gama makaranta? Na ce sauran kwasa-kwasai suna koya maka yadda za ka sa inji ya yi aiki, wannan shi zai koya maka sanin aikin da babu injin da zai iya, komai tsadarshi. Bai gamsu ba, na gani a fuskarshi, amma ban ja maganar ba.

Tsarin da na shimfiɗa musu hawa-hawa ne: injin da ba shi da wurin ajiya sai matsayin da yake ciki, sai wanda anka ƙara wa sitak, wato ma'ajin da na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, sai injin Turing, daga ƙarshe in lokaci ya bari mu taɓa P da NP, wato matsalolin da ake warwarewa da sauri da waɗanda ake duba amsarsu da sauri. Mun fara da na'urar ATM tunda kowa ya sha layinta. Tana jiran kati, tana jiran lambar sirri, kuskure na ɗaya, kuskure na biyu, na uku ta rufe ka. Na sa sun zana kowane matsayi da da'ira, kowane latsawa da kibiya. Na ce su riƙe abu ɗaya: injin nan ya iya ƙirga har uku ne kawai don an gina mishi da'irori uku na ƙirgar, ba don ya san lissafi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

DFA, wato injin hawa na farko mai bin hanya ɗaya tak ga kowace alama, ya shiga, kuma ya shiga da sauƙi fiye da yadda na zata. Abin da ya fi aiki shi ne injin da ke gane lambar bainari, wato mai 0 da 1 kawai, da ke rabuwa da 3. Matsayi uku ne kacal, saura 0, saura 1, saura 2, kuma duk alamar da ta shigo sai ka ninka sauran da ke hannunka sau biyu ka ƙara alamar ka sake raba wa 3. Na fiddo mutum uku gaban allo, kowa ya zama matsayi guda, maka tana hannun wanda injin ke kanshi, aji na karanto alama ɗaya-ɗaya. Munka gwada 1001, wato 9: maka ta tashi daga 0 ta je 1, ta je 2, ta dawo 1, ta koma 0, an karɓa. Munka gwada 101, wato 5, ta maƙale hannun mai saura 2, an ƙi. Wata ɗaliba 'yar Zuru ta ce to Malam ko lambar ta kai tsawon allon nan mutum ukun nan sun isa? Na ce sun isa, don injin bai damu da lambar ba, saura kawai yake riƙewa. Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai don nan zuciyar darasin take, gina DFA shi ne ka gano ɗan abin da ya zama dole ka tuna ka watsar da sauran.

Inda suke tuntuɓe shi ne rubutun ƙa'ida, abubuwa biyar ɗin nan cikin baka, Q da sigma da delta da sauransu. Yaron da ya zana inji daidai sai ka ce ya rubuta teburin delta, wato teburin inda kowace kibiya ta nufa, ya tsaya yana kallonka. Ban matsa ba tukuna, amma na ce musu a jarrabawa zane kaɗai ba zai ba mutum cikakken maki ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

NFA da rejeks, wato gajeren rubutu mai siffanta tsarin jerin alamomi. Tunanin NFA, wato inji mai iya bin hanya biyu lokaci guda, ko ya yi tsalle ba tare da ya karanta komai ba, ya ɗan ruɗa su, wani ma cewa ya yi wannan ai magudi ne. Michael Rabin da Dana Scott sunka kawo shi a 1959, kuma sunka nuna cewa duk abin da NFA zai gane akwai DFA da zai gane shi, aikin da ya ba su lambar yabo ta Turing a 1976. Dabarar ita ce kowane matsayi na sabon injin ya zama tarin matsayan da tsohon zai iya kasancewa a ciki. Kuɗin da ake biya shi ne girma. Na ba su jerin da alama ta uku daga ƙarshe take 1: NFA matsayi 4, DFA matsayi 8. In ta goma ce daga ƙarshe, 11 da 1,024. In ta ashirin ce, 21 da 1,048,576. Nan sunka yarda magudin yana da amfani wurin zane.

Rejeks kuwa nan ne 'yan son kodin sunka farka. Na ce su rubuta tsarin lambar wayar salula ta Najeriya: sifili, sai 7 ko 8 ko 9, sai 0 ko 1, sai lambobi takwas, jimla goma sha ɗaya. Duk fom ɗin intanet da ya taɓa ce maka lambarka ba daidai take ba, irin wannan ne ke bayanshi. Stephen Kleene ya shimfiɗa lissafin tun farkon shekarun 1950, Ken Thompson kuma a 1968 ya nuna yadda ake mayar da rejeks ya zama inji mai bincike cikin rubutu. Masu laftof na ce su sauke JFLAP su riƙa gwada injinansu, kyauta ne, sai dai yana buƙatar Java, kuma kilas ref ya riga ya raba shi ta filasha don data ta yi tsada.

Litinin, 17 ga Nuwamba

To, mun iso bango na farko. Har zuwa makon jiya duk abin da nake cewa shi ne gina mini inji, su kuma su gina. Yau na rubuta jerin sifilai da ɗayoyi daidai adadinsu na biye, 01, 0011, 000111 har abin da ya yi sama, na ce babu DFA da zai gane wannan. Aji ya yi tsit na ɗan lokaci sannan wani ɗan Yauri, cikin masu ƙoƙarin ajin ne, ya ce Malam a ba ni zuwa Laraba. Bai ma jira Larabar ba, kafin a tashi ya kawo mini zane mai kyau da ke aiki har sifili biyar. Na rubuta mishi sifili shida da ɗaya shida. Ya ce zai ƙara da'irori. Na ce ni ma zan ƙara sifili, kuma nawa ba ya ƙarewa, naka kuwa dole ka ajiye biro wata rana ka ce ga injin.

Matsalar da na lura da ita, kuma ina jin ita ce matsalar kwas ɗin gaba ɗaya, yaranmu tun firamare an saba musu cewa kowace tambaya tana da amsa kuma in ba ka samo ta ba to kai ne ba ka yi karatu ba. Yanzu ga malami na cewa ka kawo hujjar cewa duk wanda zai gwada, har wanda ba a haifa ba, zai gaza. Wannan wani irin tunani ne daban, kuma ba ya shiga da lacca guda.

Littafin da muke bi ya fara da ƙa'idar famfo, pumping lemma kamar yadda take a rubuce, mai cewa in DFA na gane wani harshe, wato tarin jerin da ake so a karɓa, to kowane dogon jeri a cikinshi yana da guntun da za a yi ta maimaitawa bai fita daga harshen ba, amma ni na fi son in fara ta wata ƙofa. Na tayar da mutum goma sha uku na ce kowa ya faɗi watan haihuwarshi, kafin su buɗe baki na ce dole biyu su haɗu, wata goma sha biyu ne. Sannan na ce a ɗauka inji na da matsayi p. Ba shi 0, ba shi 00, ba shi 000, ka yi ta yi har ka wuce p. Dole biyu daga cikinsu su sauka matsayi ɗaya, a ce mai sifili 4 da mai sifili 7. Daga nan injin ya manta bambancinsu har abada. Sai ka biyo kowannensu da 1111. Injin zai ba su amsa iri ɗaya, alhali ɗaya ya kamata a karɓa ɗaya a ƙi. Shi ke nan, an gama. Wannan shi ne ruhin ƙa'idar Myhill da Nerode ta ƙarshen shekarun 1950, kuma a ganina ta fi ƙa'idar famfo tsafta, don tana nuna maka ainihin ciwon, wato mantuwa, ita kuwa famfo alamar ciwon kawai take nunawa.

Duk da haka dole a koyar da famfon tunda yana cikin manhaja. Na mayar da shi wasa tsakanin mutum biyu: abokin hamayya ya zaɓi p, kai ka zaɓi jeri mai tsawon da ya kai p, shi ya yanka shi gida uku x, y, z, da sharaɗin y ba fanko ba ne kuma x da y tare ba su wuce p ba, kai kuma ka zaɓi sau nawa za a maimaita y don jerin ya fita daga harshen. Wa ke zaɓar mi, nan duk rikicin yake. Rabin ajin su ke yanka jerin da kansu inda ya yi musu daɗi su ce sun ci, alhali yankan ba nasu ba ne.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Tes na farko. Tambayoyin gina inji sun yi kyau, tambayar hujja kuwa sai addu'a. Da yawa sun yi amfani da famfo don nuna wai harshe na regula ne, wato wanda DFA ke iya ganewa, abin da ƙa'idar ba ta taɓa cewa ba, hanya ɗaya take tafiya. Asamen kuma na ga amsoshi masu Turanci mai santsi iri ɗaya sak, har da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, alamar manhajar AI ce ta rubuta anka kwafe. Ban yi faɗa ba, na dai ce daga yanzu duk asamen sai na zaɓi mutane a aji su zo allo su kare abin da sunka rubuta, na canza alama ɗaya a tambayar in ga ko amsar za ta biyo.

Laraba, 10 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, laccar ƙarfe takwas sai ka ga rabin aji da hular sanyi rabi ba su iso ba. Muna kan nahawu da injin sitak.

Sitak bai ba mu wahala ba, lokacin shinkafa ne, kowa ya ga yadda ake jibge buhuna a sito, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon saukewa, ba ka zaro na ƙasa. Duk sifilin da ya shigo ka ɗora, duk ɗayan da ya shigo ka sauke, in jeri ya ƙare sito ya zama fanko to adadi ya yi daidai. Abin da ya gagari DFA wata guda da ya wuce ya faɗi cikin minti biyar, ɗan Yaurin nan har da tafi.

Nahawu kuma na fara da ƙa'ida biyu kawai, S ta zama 0S1 ko ta zama babu, sai ga harshe marar iyaka ya fito daga layi biyu. Noam Chomsky ya kawo wannan tsari a 1956 yana nazarin harshen ɗan Adam ne ba kwamfuta ba, sai masu ƙera harsunan kodin sunka ga ya dace da su, aka rubuta nahawun ALGOL 60 da salon Backus da Naur, har yau kuma kowace kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kodin zuwa abin da inji ke ji, da irin wannan take tantance ko ka rufe bakan da ka buɗe.

Darasin harshen damo shi ya fi armashi. Misalin littafi shi ne 2+3×4, ko 14 ko 20, ya danganta da bishiyar da ka zana, wato zanen da ke nuna wane sashe ke haɗe da wane. Ni kuma na rubuta musu: direban motar Alhaji da aka kama. Na ce wa anka kama? Wasu sunka ce direba, wasu mota, wasu Alhaji, gardama ta kaure har sai da na buga tebur. Jimla ɗaya, bishiya uku. Mutum yana warware irin wannan da sanin labarin, kwamfaila ba ta da labari, shi ya sa dole mai tsara harshe ya gyara nahawun ya zama bishiya guda ce kawai za ta fito.

Na rufe da abu biyu a gurguje. Sitak ma yana da nashi bango: a da b da c daidai adadi bi da bi, kafin ka iso c ka riga ka sauke duk abin da ka ɗora. Sannan a nan, ba kamar DFA da NFA ba, injin mai bin hanyoyi da yawa ya fi mai hanya ɗaya ƙarfi da gaske, jerin da ake karantawa gaba da baya iri ɗaya shi ne shaida, don sai an yi hasashen inda tsakiya take.

Laraba, 7 ga Janairu 2026

An dawo hutu, an manta rabi, mun ɗan yi bita sannan munka shiga injin Turing. Tef marar ƙarshe, kai guda mai karantawa da rubutawa, ya matsa hagu ko dama, sai ɗan teburin dokoki. Na jera takardu a ƙasa tun daga ƙofa har taga, mutum ɗaya ya zama kan injin yana taka su, munka ƙara 1 a kan 1011 munka samu 1100. Sun raina shi, kuma da gaskiyarsu, abu ne mai kama da wasan yara. Sai na ce duk abin da wayar da ke aljihunku ke lissafawa wannan zai lissafa, jinkiri kawai zai yi. Alonzo Church a Amurka ya bi ta wata hanya daban a shekarar 1936 ɗin dai, da lissafin lamda, kuma anka tarar ƙarfinsu ɗaya. Na jaddada musu cewa iƙirarin Church da Turing ba ƙa'ida ce da anka tabbatar da hujja ba, ra'ayi ne da duk wani tsarin lissafi da anka ƙirƙiro tun lokacin bai karya ba, kada wani ya rubuta mini a jarrabawa wai an yi furuf ɗinshi.

Don su daina raina ƙaramin inji na kawo musu wasan da Tibor Radó ya ƙirƙira a 1962: cikin injina masu matsayi kaza da alama biyu, waɗanda ke farawa da tef fanko kuma su tsaya, wane ne ya fi daɗewa yana aiki? Mai matsayi 2 taki 6 ne. Mai 3 taki 21. Mai 4 taki 107. Na ce su yi hasashen mai 5, mafi yawan da na ji shi ne dubu ɗaya. Amsar 47,176,870 ce, an samo injin tun 1989 amma sai 2024 anka kammala hujjar cewa babu wanda ya fi shi. Na shida kuwa har yanzu babu wanda ya san shi.

Litinin, 19 ga Janairu

Matsalar tsayawa. Wannan ita ce laccar da nake jira tun Oktoba, kuma na ba ta awa biyu cur ban haɗa ta da komai ba.

Tambayar mai sauƙin faɗi ce: za a iya rubuta furogiram guda da za ka miƙa mishi kowane furogiram da abin da za a ba shi, ya gaya maka ko zai gama ko zai yi ta juyawa har abada? Amsar farko daga aji ita ce a kunna shi a gani mana. Na ce in ya yi awa guda bai tsaya ba fa? A ƙara jira. Shekara fa? Ka tuna mai matsayi biyar ɗin can da sai da ya yi taki miliyan 47, da ka kashe shi a miliyan 46 ka ce ba ya tsayawa ka yi mishi ƙarya. Sannan na rubuta ɗan furogiram mai layi kaɗan da ke bin lambobi masu rabuwa da biyu daga 4, yana duba ko kowace jimlar firaim biyu ce (firaim ita ce lamba sama da 1 da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta), ya tsaya ran da ya samu wadda ba haka ba. Wanda ya san ko wannan zai tsaya ya warware hasashen Goldbach mai cewa dukansu haka suke, wanda ke nan tun 1742 ba a warware ba.

Sai hujjar kanta. A ɗauka akwai mai duban, mu kira shi H, ba ya kuskure kuma kullum yana ba da amsa. Mu gina wani, D, ɗan taurin kai: in an ba shi furogiram sai ya tambayi H, wannan in an ciyar da shi rubutun kanshi zai tsaya? In H ya ce zai tsaya, D ya shiga juyawa ba iyaka. In H ya ce ba zai tsaya ba, D ya tsaya nan take. Yanzu miƙa wa D rubutun D. In zai tsaya to ba zai tsaya ba, in ba zai tsaya ba to ya tsaya. D kuwa ba abin da ke cikinshi mai wuyar ginawa sai H, don haka H ne babu.

Na maimaita ta da tebur, furogiram a layuka, abin ciyarwa a ginshiƙai, D yana bin layin kusurwa yana juya kowace amsa, dabarar da Georg Cantor ya yi amfani da ita a 1891 ya nuna wani rashin iyaka ya fi wani girma. Teburin ya fi shiga fiye da maganar baki.

Gardamar da ta biyo baya ta fi laccar daɗi. Wani ya ce kwamfutocin yanzu ai sun fi na zamanin Turing. Na ce nuna mini inda hujjar ta ambaci sauri. Wani ya ce AI fa? Na ce AI furogiram ne ko ba furogiram ba? In furogiram ne sa shi a gurbin H, D na jiranshi. 'Yar Zurun nan ta kawo wadda ta fi ƙarfi, ta ce amma Malam ni ina iya duban wasu furogiram in san za su tsaya. Ƙwarai kuwa, kuma injina ma na iyawa, abin da babu shi ne hanya guda mai ci a kan kowane furogiram ba togiya. Wannan bambanci tsakanin wasu da duka shi ne dai wanda ya kayar da su a ƙa'idar famfo, amma yau na ga kawuna da dama sun kama shi da wuri.

Na ƙara da ƙa'idar Rice ta 1953 a taƙaice, cewa duk wata tambaya mai ma'ana game da abin da furogiram ke aikatawa haka take, ba ta yankuwa gaba ɗaya. Shi ya sa babu manhajar kashe bairos da za ta kama duka ba kuskure, kuma babu kwamfailar da za ta tabbatar maka kodinka ba shi da matsala ko ɗaya. Wanda ya yi mini tambayar mi za mu yi da kwas ɗin nan ne ya ce to kenan duk mai tallan irin wannan manhaja ƙarya yake? Na ce in ya ce ɗari bisa ɗari, e.

Laraba, 28 ga Janairu

P da NP sun samu lacca biyu kawai, lokaci ya ci mu, kuma gaskiya sun cancanci fiye da haka.

Na ce a ɗauka an ba ka mota ka zaga hedikwatar ƙananan hukumomi 21 na Kebbi, ka tashi daga Birnin Kebbi ka taɓa su Argungu, Jega, Kamba, Yauri, Zuru da sauran, ka dawo, ta hanya mafi gajarta. In za ka gwada kowane jeri, hanyoyin sun kai 1,216,451,004,088,320,000. Kwamfuta mai duba biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta yi fiye da shekara 38. Amma in wani ya kawo maka hanya ya ce ba ta wuce kilomita kaza ba, tarawa kawai za ka yi ka tabbatar. Dubawa da sauƙi, nemowa da wuya, tambayar P da NP ita ce ko wuyar ta dole ce ko dabara ce ba mu gano ba tukuna.

Na yi hattara kada su fita da tunanin cewa wannan ma irin matsalar tsayawa ce. Ba haka ba ne, wannan tana warwaruwa, tsada ce kawai. Da dabarar Held da Karp ta 1962 garuruwa 21 ba su kai taki biliyan ɗaya ba, laftof ɗin kilas ref ma zai gama kafin a sha shayi, sai dai kowane gari da ka ƙara aikin na ninkuwa fiye da biyu. Kuma a aikace masana sun warware wani mai wurare 85,900 a 2006. Abin da babu shi ne hanyar da anka tabbatar tana da sauri a kowane hali.

Stephen Cook ya kafa maganar a 1971, Richard Karp ya jero matsaloli 21 masu wuya iri ɗaya a 1972, Leonid Levin ya iso wuri guda daga Tarayyar Sobiyet a 1973, kuma a 2000 Cibiyar Clay ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware. Da sunka ji kuɗin sai anka fara lissafinshi da naira. Cikin jerin Karp akwai shafa wa zane launi, wanda shi ne dai tsara jadawalin jarrabawa yadda kwas biyu masu ɗalibi ɗaya ba za su faɗo lokaci guda ba, na ce su riƙa tausaya wa jami'in jarrabawa na sashe in sun ga karo a jadawali.

Ridakshan, wato mayar da wata matsala zuwa wata don a nuna wuyarsu ɗaya, ban samu na yi shi yadda nake so ba, misali ɗaya munka yi, don haka ba zan tambaye shi da zurfi ba. Tambayoyi sun tafi wurin tantancewa jiya: biyu na gina inji, ɗaya na mayar da NFA zuwa DFA, ɗaya na nahawu da bishiya, biyu na hujja, kuma ɗaya daga na hujjar dole ce ba zaɓi. Bita ranar Asabar ƙarfe goma, na ce kowa ya zo da takardar tes ɗinshi ta Nuwamba.